Aikatau na Turanci "kidnap": asalinsa, ma'anarsa da yadda ake amfani da shi

Assalamu alaikum, masu kallonmu, barkanmu da sake saduwa. Darasinmu na yau ya tsaya ne a kan aikatau guda ɗaya na Turancin Ingilishi, wato kidnap, wanda duk mai karanta jaridun Turanci ko mai sauraren labaran duniya ya saba cin karo da shi. Mutane da yawa sun ɗauka cewa ma'anarsa ita ce kama mutum domin a karɓi kuɗin fansa, kuma ba abin mamaki ba ne da suka ɗauka haka, tunda da wannan fuska ce aka fi ganin laifin a ƙasarmu cikin shekarun nan. Sai dai kuɗin fansa ba ya cikin ainihin ma'anar kalmar. Abin da kidnap ke nufi shi ne a ɗauke mutum daga inda yake a kai shi wani wuri, da ƙarfi ko da yaudara, ba tare da yardarsa ba kuma ba tare da izinin doka ba, ko an nemi kuɗi daga baya ko ba a nema ba. Wanda ya riƙe wannan zai ga cewa sauran ƙa'idojin amfani da kalmar duk daga nan suka taso.

Kalmar harɗaɗɗiya ce, an gina ta daga ƙananan kalmomi biyu, kid da nap. Ta farko, kid, asalinta ɗan akuya take nufi, kuma Turawan Ingila sun aro ta ne daga harshen mutanen arewacin Turai na da, kafin daga baya zauna-gari-banza su mayar da ita sunan yaro a bakinsu, har ta zauna da wannan ma'ana zuwa yau. Ta biyu kuwa, nap, wani tsohon furuci ne na kalmar nab, wadda ke nufin cafke ko fizge abu da sauri, kuma ba ta da dangantaka da ɗaya nap ɗin da ɗalibai suka fi sani, mai nufin ɗan gajeren barci na rana. Idan aka haɗa su biyun, abin da aka samu shi ne fizge yaro. Kalmar ta fara bayyana a rubuce a rabin ƙarshe na ƙarni na 17, kuma ba daga bakin malamai ko alƙalai ta fito ba. Daga zaurancen ɓarayi da ɓata-garin biranen Ingila ta fito, shi ya sa har yanzu take da kaifi da tsaurin da kalmomin Turanci masu asalin Latin ba su da shi.

Dalilin da ya sa aka buƙaci irin wannan kalma a wancan lokaci yana da muhimmanci ga fahimtar ma'anarta. A ƙarni na 17 Ingila ta kafa yankunan mallaka a nahiyar Amurka, irin su Virginia da ake noman taba da tsibirin Barbados da ake noman rake, kuma masu gonakin suna cikin tsananin buƙatar ma'aikata. Akwai tsarin da talaka zai sa hannu a yarjejeniya cewa zai yi bauta ta wasu shekaru, yawanci huɗu zuwa bakwai, a madadin kuɗin jirgin ruwan da ya kai shi can. Da yake waɗanda suka yarda da kansu ba su wadatar ba, sai aka samu dillalai a tashoshin jiragen ruwa na Landan da Bristol suna rarrashin yara da samari, ko su bugar da su da giya, ko su kama su da ƙarfi, su miƙa su ga masu jirage, a je a sayar da ƙwadagonsu a can ƙetaren teku. Waɗannan dillalai ne aka fara kira kidnappers. Babu wanda ya aika wa iyayen yaran saƙon neman fansa, domin iyayen talakawa ne, kuma ribar tana wurin mai sayen ma'aikaci. Wani daga cikin waɗanda abin ya faɗa wa, Peter Williamson, an ɗauke shi yana yaro daga birnin Aberdeen na Scotland a shekarun 1740, aka sayar da shi a birnin Philadelphia na Amurka, kuma bayan ya dawo ya tona asirin masu wannan sana'a, har ya kai mahukuntan birnin ƙara a Edinburgh ya yi nasara. Saboda wannan tarihi, lokacin da masanin shari'ar Ingila William Blackstone ya yi bayanin laifin a 1769, ya ce ɗauke namiji ne ko mace ko yaro da ƙarfi daga ƙasarsu a tura su wata ƙasa. A lura cewa tun a lokacin kalmar ta riga ta wuce yara ta haɗa da manya, duk da kid ɗin da ke cikinta, don haka babu kuskure ko kaɗan a yi amfani da ita ga dattijo mai shekara 80.

Alaƙar kalmar da kuɗin fansa daga baya ta yi ƙarfi, kuma Amurka ce ta fi ba da gudummawa a nan. A 1874 aka sace wani yaro ɗan shekara huɗu mai suna Charley Ross a Philadelphia, aka nemi dala 20,000, kuma ba a sake ganinsa ba. A watan Maris na 1932 kuma aka sace jaririn shahararren matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh daga gidansu a jihar New Jersey, aka biya dala 50,000, amma daga baya gawar yaron aka tsinta. Abin ya girgiza ƙasar har majalisar dokokinta ta kafa doka a wannan shekarar da ta mayar da tsallaka iyakar jiha da wanda aka sace laifi na tarayya. Daga irin waɗannan al'amura ne kunnen jama'a ya saba jin kidnap tare da ransom, wato kuɗin fansa. Amma da a ce fansar tana cikin kalmar, da Bature ba zai buƙaci ya ce kidnap for ransom ba, alhali kuwa haka yake faɗa kullum idan yana son ya bayyana manufar masu laifin.

Misali mafi kusa da mu da ke tabbatar da haka shi ne abin da ya faru da Alhaji Umaru Dikko, ministan sufuri a gwamnatin Shehu Shagari, wanda ya koma Landan bayan juyin mulkin ƙarshen 1983. A watan Yulin 1984 wasu mutane suka cafke shi a ƙofar gidansa, suka yi masa allurar barci, suka saka shi cikin akwatin katako da nufin a kawo shi Legas, sai jami'an kwastam na filin jirgin saman Stansted suka buɗe akwatin suka same shi a ciki. Ba a nemi ko kwabo daga iyalinsa ba, amma jaridun Ingila da kotunta duk kidnap suka kira abin, kuma an ɗaure mutum huɗu a kansa. A wannan shekarar ce kuma kotun ƙoli ta Ingila ta lokacin, wato Majalisar Iyayen Ƙasa (House of Lords), ta zayyana rukunan laifin a wata shari'a dabam, inda ta ce ɗauke mutum ne, da ƙarfi ko da zamba, ba da yardarsa ba, kuma ba da hujjar doka ba. Babu maganar kuɗi a cikin rukunan nan huɗu.

Yanzu sai mu dubi yadda kalmar ke zama a cikin jimla. Kidnap aikatau ne so-karɓau, ma'ana dole ne a ambaci wanda aikin ya faɗa wa, kuma karɓau ɗin yana biyo shi kai tsaye ba tare da wata kalma a tsakani ba. Ana cewa the gunmen kidnapped the driver, wato 'yan bindigar sun sace direban. A nan ne mai tunani da Hausa yakan yi tuntuɓe, domin mu muna cewa sun yi garkuwa da shi, sai wannan "da" ta ja shi ya rubuta kidnapped with him, wanda a Turanci ke ba da wata ma'ana dabam, wato an sace wani tare da shi. Kuskure na biyu ya fi wannan yawa, kuma daga faɗin kalmarmu ta "sace" yake zuwa. A Hausa ana sace kuɗi, ana sace shanu, ana sace ɗalibai, duk da aikatau ɗaya, amma Turanci ya raba su. Kaya da kuɗi steal ake yi musu, shanu kuma akwai kalmarsu ta musamman, rustle, wadda daga ita aka samu cattle rustling, satar shanu, mutum kaɗai ake yi wa kidnap. Saboda haka they kidnapped his cows ba Turanci ba ne mai kyau, sai dai idan da gangan aka faɗe shi don raha. Turawa kan ƙirƙiri kalmomi a kan wannan ƙira, kamar dognap ga satar kare, amma kada wannan ya ruɗi kowa game da catnap, domin ita ba satar kyanwa take nufi ba, ɗan gyangyaɗi take nufi.

A zahirin amfani, an fi jin wannan aikatau a sigar da ake fara jimla da wanda abin ya faɗa wa, domin sau da yawa ba a san masu laifin ba, kuma hankalin mai ba da labari yana kan wanda aka ɗauke. Ana cewa she was kidnapped, an sace ta, ko they have been kidnapped, an sace su kuma har yanzu maganar tana nan. Wannan siga ita ce ta yi daidai da "an" ta Hausa. Ƙananan kalmomin da ke biyo baya kowace da aikinta: by tana nuna wanda ya aikata, from tana nuna inda aka ɗauke mutum, for tana nuna manufa, sannan at gunpoint na nufin an tsare shi da bindiga. Jimla ɗaya tana iya ɗaukar da yawa daga cikinsu, kamar he was kidnapped from his farm at gunpoint by armed men, wato wasu mutane ɗauke da makamai sun tsare shi da bindiga sun ɗauke shi daga gonarsa. Kanun labaran jarida kuma suna da nasu salo da ke rikita mai koyo. Idan aka rubuta gunmen kidnap traders, ba ana nufin suna cikin yi ba ne yanzu ko sun saba yi, abin ya riga ya faru, al'adar kanun labarai ce a sa abin da ya wuce cikin sigar lokaci mai ci. Idan kuma aka rubuta traders kidnapped, to an jefar da were ne don taƙaitawa, kuma 'yan kasuwar ne aka sace, ba su ne suka sace wani ba.

Game da rubutu, shuɗaɗɗen lokaci kidnapped ne da p biyu, haka ma kidnapping da kidnapper. Mai lura zai iya tambaya me ya sa, tunda ƙa'idar da aka koya mana ita ce ana ninka baƙin ƙarshe ne idan ƙarfin murya ya faɗa a gaɓar ƙarshe, kamar admit da admitted, ba a ninkawa a visit da visited, alhali a kidnap ƙarfin muryar yana gaɓar farko. Amsar ita ce gaɓar nap asalinta kalma ce mai cin gashin kanta, kuma ta riƙe cikakken wasalinta, don haka ake bi da ita kamar tap da tapped. Da an bar p ɗaya, ido zai karanta ta kamar taped, wasalin ya sauya. Wasu ƙamusoshin Amurka sun yarda da kidnaped mai p ɗaya, kuma akan gan shi a tsofaffin jaridunsu, amma ko a can ɗin mai p biyu ya rinjaya, don haka ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO ya riƙe p biyu ya huta. Wajen furuci kuma abu uku ne ke buƙatar kulawa. Gaɓa biyu ce kawai, kid da nap, ba a cusa wasali tsakanin d da n. Baƙin ƙarshe p ne da ake haɗe leɓɓa a sake su, ba f ba, kuma wannan shi ne ya fi ba Bahaushe wahala tunda harshenmu bai raba sautukan biyu ba. Sannan ed ɗin da ke ƙarshen kidnapped da sautin t ake furta shi, ba ya ƙara gaɓa ta uku.

Sunan aikin kidnapping ne, kuma yana karɓar jam'i idan ana ƙidaya aukuwar abin, kamar three kidnappings. A Turancin Birtaniya akan yi amfani da kidnap ɗin kansa a matsayin suna, musamman a gaban wani sunan, kamar kidnap attempt, yunƙurin sace mutum, ko kidnap victim, wanda aka sace.

Ba za a gama bayanin kidnap ba sai an kawo abokin tafiyarsa, wato abduct, domin jaridu kan yi musayarsu a labari ɗaya don gudun maimaici. Abduct daga Latin ya fito, daga ab mai nufin nesa da, da ducere mai nufin jagoranta ko ja, tushen da ya haifi conduct da product. Ƙarfin muryarsa yana gaɓa ta biyu, kuma ed ɗin abducted yana ƙara gaɓa, saɓanin na kidnapped. Ma'anarsu ta yi kusa ƙwarai, har a mafi yawan jimloli ana iya cire ɗaya a sa ɗaya, kuma lokacin da aka ɗauke ɗalibai mata 276 daga makarantar Chibok a watan Afrilun 2014, kafafen labaran duniya sun yi amfani da kalmomin biyu ba tare da bambantawa ba. Bambancin yana wajen nauyi da muhalli. Abduct ya fi kama da harshen hukuma da takardun shari'a, kuma shi aka fi zaɓa idan babu maganar ciniki, musamman idan uba ko uwa suka gudu da ɗansu bayan rabuwar aure ba da izinin ɗayan ba, abin da ya sa yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Hague ta 1980 kan wannan matsala take ɗauke da kalmar abduction a sunanta. Shi ne kuma likitoci ke amfani da shi da wata ma'ana da ba ta shafi laifi ba, wato ɗaga hannu ko ƙafa a nesanta su daga tsakiyar jiki. Wani abin da ya kamata a kiyaye shi ne kada a rikita abduct da adopt, kuskuren da akan ji a bakin masu magana da sauri, domin adopt ɗaukar riƙon yaro ne ta hanyar doka, kuma sauya ɗaya da ɗaya yana mayar da mai laifi mai taimako.

A ɗakin shari'a kuwa ba a yarda da wannan musaya ba, kuma kowace ƙasa da yadda dokarta ta raba kalmomin. Kundin hukunta laifuffuka na Arewacin Najeriya, wato Penal Code, wanda aka tsara a kan na Sudan, shi kuma na Sudan ya samo asali daga na Indiya na 1860, ya ba kowace kalma ma'anarta. A wannan tsari kidnap ya fi shafar ɗauke ƙaramin yaro ko mai taɓin hankali daga hannun waliyyinsa ba da izini ba, abduct kuma tilasta wa kowane mutum ko yaudararsa ya bar wani wuri. Wannan rabo bai yi daidai da yadda 'yan jarida ke amfani da kalmomin ba, don haka mai fassara takardar kotu bai kamata ya dogara da abin da ya saba gani a jarida ba, sai ya koma ga ma'anar da dokar da ake shari'a da ita ta bayar.

Akwai wasu kalmomi biyu da ke kewaye da wannan fage waɗanda su ma ake cakuɗa su da kidnap. Ta farko ita ce hostage, wadda suna ce ba aikatau ba, shi ya sa ake cewa take someone hostage ko hold someone hostage. Hostage shi ne mutumin da aka riƙe domin a tilasta wa wani ya biya wata buƙata, kuma ba sharaɗi ba ne a gusar da shi daga inda yake, domin 'yan fashin da 'yan sanda suka ritsa a banki suna iya riƙe ma'aikatan a nan cikin bankin. A ganina wannan ita ce ta fi kusa da "garkuwa" ta Hausa, tunda garkuwa abin da mayaƙi ke karewa da shi ne, kuma hankalin kalmar yana kan riƙewa da amfanin da ake yi da wanda aka riƙe, yayin da hankalin kidnap yake kan ɗaukewa. Shi ya sa a fassara mai kyau was kidnapped yakan fi dacewa da "an sace shi" ko "an yi awon gaba da shi", is being held hostage kuma "ana garkuwa da shi", ko da yake kafafen labaran Hausa sun riga sun zaunar da "masu garkuwa da mutane" a matsayin kidnappers, kuma babu dalilin yin jayayya da abin da jama'a suka karɓa. Ta biyu ita ce hijack, wadda ake yi wa abin hawa, jirgin sama ne ko na ruwa ko mota, wato a ƙwace ikon tafiyar da shi. Harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ya nuna yadda kalmomin ke jeruwa a kan al'amari ɗaya: ba a karkatar da jirgin zuwa wani wuri ba, don haka attack aka ce, ba hijack ba, fasinjojin da aka shiga daji da su were kidnapped ko were abducted, watannin da suka yi a hannun maharan kuma they were held hostage.

Ita kanta kidnap ta riga ta shigo bakin Hausawa, inda za a ji ana cewa an yi kidinafin ɗin wane, ko kuma 'yan kidinafin sun tare hanya. Hausa ta yi mata abin da takan yi wa baƙin kalmomi, ta raba baƙaƙen da suka haɗu da wasali, ta mayar da p ta koma f, sannan ta ɗauki sigar kidnapping ta mayar da ita suna da ake haɗawa da "yi", tunda ba kasafai Hausa ke aron aikatau kai tsaye ba. Ta kuma ƙuntata ma'anar, domin wanda ya ce kidinafin a Kano ko Gusau kusan kullum satar mutum don kuɗin fansa yake nufi. Wannan daidai ne a hirar Hausa, amma idan aka koma rubutu ko magana da Turanci, sai a mayar wa kalmar gaɓoɓinta biyu da p ɗinta, a ba ta karɓau na mutum kai tsaye, kuma idan ana son a nuna cewa kuɗi aka nema, a ƙara for ransom a bayanta.